Yadda za ka gano wata alawa mai ruwan ƴaƴan itace da sunanta ya shige maka

Akwai wani bombom da mutane da yawa ke tunawa tun suna lakwal, mai taushi mai kama haƙori, in ka ciza sai wani ruwa mai zaƙi da ɗan tsami ya tsinke maka a baki, amma sunan ya ƙi zuwa. To kar ka wahalar da kanka a kan suna, yaro bai karanta takardar alawa, yagewa yake ya jefar. Harshenka da idonka su ne shaidu.

Fara da tauri. In mai tauri ce da ake tsotsa tana sanyaya maƙoshi, wannan dangin TomTom ne na Cadbury Najeriya, ka fidda shi daga lissafi. In mai taushi ce amma abin da ke ciki baƙi-baƙi ne kamar cakulan, Eclairs kenan. In doguwa ce siririya, takardarta rawaya, da ɗan labarin ban dariya a ciki da Faransanci, Carambar ce, ita kuwa ba ta da ruwa a tsakiya. Wadda ta fi kusa da abin da muke nema ita ce Toffix ta kamfanin Elvan na Turkiyya, leda guda launi kala-kala, kowane launi da ɗanɗanonsa, lemu daban, frez daban. Arcor na Ajantina ma na yin masu cikon ciki. Amma masu kwaikwayo sun yi yawa, shi ya sa takarda ke da muhimmanci: murɗe take gefe biyu ko manne kamar ƙaramin matashi, tana walƙiya ko a'a, da hoton ɗan itacen a jiki ko babu?

Sai ka tuna inda ka samo ta da nawa. Ta dala ɗaya a tebur bakin lakwal daban take da wadda ake zubawa a faranti ranar salla ko wadda alhazai ke kawowa tsaraba. A nan Tahoua kaya da yawa ta Konni suke shigowa daga Illela, wasu kuma daga Yamai, kowace hanya da irin kayanta.

Yanzu tambaya. Kar ka tsaya wajen yaron shago da ya fara jiya, bai san komi ba sai abin da ke kwali. Ka shiga babbar kasuwa layin ƴan sari, ka nemi dattijon da ya tsufa cikin sana'ar, ku gaisa sosai tukun, sannan ka ce Alhaji don Allah akwai wata alawa da, mai ruwa a ciki, takardarta kaza. Sau da yawa shi ma ba zai kawo sunan ba, amma zai ce ai waccan ta ƙasa kaza ce, ta daina zuwa, ga ƙanwarta nan. Hajiyoyi masu haɗa kayan biki su ma sun san alawa fiye da yadda kake zato.

In kana da rezo, rubuta bonbon fourré aux fruits ko caramel fourré a Google, ka danna wajen hotuna, ido ya fi saurin ganewa. In Allah ya sa ka tsinci ko da yagaggiyar takardarta ce, Google Lens, wanda ke gane abu in ka ɗauki hotonsa da waya, ya isa. A babbar ledar kuma duba lambobin farko ƙarƙashin zanen layi-layin nan, 868 da 869 Turkiyya, 615 Najeriya, 779 Ajantina, 890 Indiya, sai dai suna nuna inda kamfani ya yi rajista ne kawai.

In ka samu mai kama da ita, sayi ƙwaya biyu ka ɗanɗana kafin ka ɗauki leda guda, ka duba kwanan watan lalacewa, kuma a zafin Afrilu ka taɓa ka ji, wadda ta sha rana a tebur manne wa takarda take yi, ruwan ya tsiyaye.