Kurakuran da muke yi wajen koyar da sauyin yanayi a makarantunmu na bakin Nilu

Ranar da na fara koyar da sauyin yanayi a wata makaranta kusa da garin Maiurno a ƙasar Sudan, na shigo aji da hoton dutsen ƙanƙara yana narkewa a teku. Da aka tashi, wata yarinya ta biyo ni ta ce, "Ustaz, to mu ina ruwanmu da ƙanƙara?" Gaskiyarta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a cikinmu: mu ɗauko darasi daga ƙasar da yaro bai taɓa gani ba, alhali abin yana ƙofar gidansa. A daminar 2020 kogin Nilu ya cika a Khartum fiye da yadda aka taɓa aunawa, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Iyayen yaran nan sun san farin 1984. A tura kowane ɗalibi wajen kakarsa ya tambayo yaushe ruwan shuka yake sauka a da, yaushe ake yankan dawa, a rubuta amsoshin a allo. Daga nan darasi ya fara.

Sai dai a yi hattara. Zafin rana ɗaya ko sanyin mako guda ba shi ne sauyin yanayi ba. Masana suna duba matsakaicin shekara 30 kafin su yanke hukunci. Kuma ba kowace ambaliya ce za a ɗora wa ɗumamar duniya ita kaɗai ba, domin an yi manyan ambaliya a 1946 da 1988, ga gini a hanyar ruwa da toshewar magudana. A yanke gorar roba, a manna mata ruler, a kafa ta a filin makaranta, yara su riƙa rubuta ruwan da ya sauka a littafin da aji zai gadar wa aji.

Wasu malaman kuma suna cewa hujewar lemar ozon, wato shimfiɗar iskar da ke tare haskoki masu cutarwa daga rana, ce ke kawo zafin. Ba haka ba ne. Iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da gas da gawayi ita ce ke riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu yawanta a iskar duniya kusan kashi 280 ne a cikin miliyan, yanzu ta haura 420.

Idan yaro ya ce fari ikon Allah ne, kada a gwale shi. Haka ne, kuma Annabi Yusuf ya tara hatsin shekara bakwai saboda shekarun yunwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke koyar da tattalin makamashi. Na ga an manna takarda a bango, "Kashe fitila idan za ka fita", a ajin da ko waya ba a ja masa ba. Makamashin yawancin gidajenmu itace ne da gawayi, to a fara daga murhu. A ɗora tukunya biyu iri ɗaya, ɗaya da murfi ɗaya a buɗe, yara su riƙe agogo su ga wadda za ta riga tafasa. A jiƙa wake tun dare a kwatanta da wanda ba a jiƙa ba. Su lissafa buhun gawayi nawa gidansu ke ci a wata, su tuna cewa bishiyar ƙaro da aka sare ta daina ba da kuɗi. Akwai kuma tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malamin makaranta daga arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwan yashin yana bushewa yana janye zafi, tumatir ya yi kwanaki bai lalace ba, ba da lantarki ba.

Inda akwai wuta, daga madatsar Sinnar ko Roseires ko Marawi, a bar wa'azi a yi lissafi: ƙwan fitila mai wat 60 da na zamani mai wat 9, awa biyar kullum, wata guda. Makarantar da ke da faifan sola kuwa, a share shi da sassafe bayan kowane habub, wato guguwar ƙura, domin ƙura tana rage ƙarfinsa.

Don Allah mu daina tsorata yara da ɗora musu laifi. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, kuma tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 yaranmu sun ga abin tsoro da ya ishe su. Aiki za a ba su. Amma shi ma dashen itace muna ɓata shi: a dasa a tsakiyar rani, a ɗauki hoto, awaki su cinye kafin mako. A jira farkon damina, a kewaye kowane dashe da ƙaya, a damƙa shi ga ɗalibai biyu, sannan a haƙa ɗan kwalbati daga wurin alwala zuwa gindinsa.