Yadda ake tsara abincin mai raunin laka domin kare zuciyarsa

Idan mutum ya samu rauni a laka, ko a hatsarin babur ko faɗuwa daga sama, hankalin 'yan uwa yakan tafi kan gyambon kwanciya da robar fitsari. Da wuya a tuna da zuciya, alhali ciwon zuciya da na jijiyoyin jini suna cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka daɗe da wannan rauni. Naman jikin da ke ƙasa da inda laka ta taɓu yana ramewa, kitse ya maye gurbinsa, sai jiki ya rage ƙona abinci. Malmalar tuwon da take daidai da shi lokacin da yake noma yanzu ta fi ƙarfinsa.

Mataki na farko: a auna, kada a yi hukunci da ido

Ƙafafu sun sirance, sai a ce ai ya rame, a ƙara masa. Amma kitsen a ciki yake taruwa. Shi ya sa likitocin wannan fanni ke ɗaukar ma'aunin BMI (lissafin nauyin mutum a kan tsawonsa) na 22 a matsayin farkon ƙiba ga mai raunin laka, maimakon 30 da ake amfani da shi ga sauran jama'a. A riƙa auna kugu yana kwance, a rubuta a littafi duk wata. A asibiti kuma a nemi gwajin sukari da na kitsen jini, domin wanda rauninsa ke sama sosai, wajen wuya ko saman baya, zuciyarsa na iya shiga matsala ba tare da ya ji ciwon ƙirji ba.

Mataki na biyu: a sake raba faranti

Rabin faranti ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, yalo. Rubu'i wake, kifi, ƙwai ko kaza marar fata. Rubu'in da ya rage shi ne na tuwo, kuma na dawa ko gero da ba a surfe ƙwarai ba ya fi farar shinkafa da burodi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana.

A nan ne ake samun saɓani a gida. Uwa tana ganin rage wa ɗanta tuwo rashin tausayi ne, masu zuwa dubiya kuma kowa da ledar lemo da tsire. A ganina ya fi sauƙi a canza girkin gidan gaba ɗaya, domin babu wanda zai jure cin dafaffen zogale yana jin ƙamshin suya daga ɗakin kusa. Sai dai kada a taɓa rage wake, ƙwai da kifi idan akwai gyambo, su ne ke gina sabon nama.

Mataki na uku: mai da sukari

A auna mai da cokali, kada a tsiyaya daga kwalba. Man gyaɗa ya fi man shanu da kitsen dabba kyau ga zuciya, manja kuwa kusan rabinsa irin kitsen da ke daskarewa ne, don haka kaɗan ya isa. Lemon kwalba ɗaya mai 35cl yana ɗauke da kusan cokalin shayi 9 na sukari, iyakar da aka ba babban mutum a yini kuma kusan 12 ne. Zoɓo da kunun gida ma a sassauta musu hannu.

Mataki na huɗu: gishiri, amma a tambayi likita tukuna

Ƙa'idar kowa ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Daddawa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano ba tare da wannan nauyi ba. To amma wasu masu rauni a wuya jininsu sauka yake yi idan aka zaunar da su, har su ga jiri ko su suma. Irin waɗannan ba a yanke musu gishiri kai tsaye.

Mataki na biyar: a lura da hanji da mafitsara

Kada a tura wake da ganye da yawa rana ɗaya. Hanjin mai raunin laka yana aiki a hankali, yana iya kumbura ko ya ƙara ɗaurewa. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin makonni, tare da ruwa gwargwadon yadda aka tsara masa fitar da fitsari. Ga wanda rauninsa ke daidai gaɓar ƙashin baya da likitoci ke kira T6, wato wajen saitin tsakiyar ƙirji, ko sama da ita, cikar mafitsara ko taurin bayan gida na iya harba jini sama farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da gumi a fuska. Idan haka ta faru a zaunar da shi bayansa a miƙe, a sassauta tufafi, a duba ko robar ta toshe, in bai lafa ba a garzaya asibiti.

Abinci kuma yana buƙatar motsa jiki a gefensa. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2018 ta ce minti 30 na motsa jiki mai sa haki, sau uku a mako, shi ne ke amfanar zuciya. Tura keke da hannu a tsakar gida ko jan igiyar roba da aka ɗaure a ƙofa duk suna cikin lissafi.