Yadda Ake Raha da Tarihin Yaƙi Ba Tare da An Gurɓata Shi Ba

Duk wanda yake son ya ba mutane dariya da labarin yaƙi da sojojin da suka yi shi, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya nemi rahar da sojojin suka yi da bakinsu tun suna cikin wuta, domin su suka fi kowa sanin abin da yake da ban dariya a fagen daga. A watan Fabrairun 1916, wasu sojojin Birtaniya da aka jibge a garin Ypres na ƙasar Beljiyam suka tsinci na'urar buga takardu a cikin kangon gini, sai Kyaftin Fred Roberts da Laftanar Jack Pearson suka shiga buga wata jarida da ita mai suna Wipers Times. Mafi yawan abin da ke cikinta tallace-tallacen ƙarya ne da shaguɓe ga manyan hafsoshin da ke zaune nesa da rugugin igwa, har da wata sanarwa da ke tallar maganin cutar kyakkyawan zato, wato ciwon da ke sa soja ya ɗauka cewa yaƙin ya kusa ƙarewa. Idan ka karanta irin waɗannan takardu za ka ga cewa taɓo, da ɓeraye, da kwarkwata, da abinci marar daɗi, da hutun da aka yi alkawari ba a bayar ba, su ne kayan aikin barkwancin soja, kuma daga nan ya kamata kai ma ka ɗebo naka.

Bayan ka tara kayan aiki, sai ka duba wanda ba'ar za ta faɗa wa. Barkwancin bariki mai kyau daga ƙasa yake tashi ya nufi sama: kurtu yana yi da saje, saje yana yi da hafsa, dukansu kuma suna yi da wanda ya ba da umarni daga ofis bai taɓa taka ramin daga ba. Bill Mauldin, wani sajan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi suna da zanen sojoji biyu, Willie da Joe, masu ƙasumba da daƙiƙan kaki, waɗanda gajiya ta gama da su. Zanen ya fusata Janar George Patton, mutumin da ke cin tarar sojansa idan bai yi aski ba, har ya sa aka kira masa Mauldin a 1945 ya yi masa faɗa, amma Janar Eisenhower, wanda yake sama da Patton, ya bar zanen ya ci gaba da fita, a shekarar kuma Mauldin ya karɓi lambar yabo ta Pulitzer. Da Patton ne yake yi wa waɗannan gajiyayyun sojoji ba'a, da babu wanda zai yi dariya. Saboda haka, idan ka gama rubutu ka ga cewa wanda ake yi wa dariya shi ne wanda ya rasa ƙafa, ko wanda tsoro ya kama, ko farar hular da aka ƙone wa gari, to ka juya akalar labarin ko ka yar da shi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tantancewa, kuma a nan ne mafi yawan masu raha suke kasawa, domin ƙarya mai ban dariya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa. Har yau ana yi wa Napoleon kallon gajere, alhali tsawonsa ya kai wajen mita 1.68, daidai da na Bafaranshen zamaninsa. Mai zanen shaguɓe na Ingila James Gillray ne ya riƙa zana shi ɗan ƙarami mai fushi, sannan bambancin ma'aunin Faransa da na Ingila ya ƙara rikita lissafin. Haka ake yawan zolayar sojojin Faransa da cewa ba su iya komai ba sai miƙa wuya, saboda faɗuwar ƙasar a 1940, ana mantawa da cewa ta rasa sojoji kimanin miliyan 1.4 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a 1940 ɗin ma 'yan Afirka ta Yamma da ke yi mata yaƙi sun tsaya har Jamusawa suka karkashe waɗanda suka kama daga cikinsu a Chasselay, kusa da Lyon. A ganina irin wannan zolaya ragwanci ce kawai, domin mai yin ta bai karanta komai ba.

Wani lokaci binciken ma ƙara wa labarin armashi yake yi. A 1932 gwamnatin Ostareliya ta tura sojoji ƙarƙashin Manjo Meredith da bindigogin mashinga ƙirar Lewis guda biyu su yaƙi wasu manyan tsuntsaye dangin jimina da ake kira emu, waɗanda suke cinye alkamar manoma a yammacin ƙasar, aka yi ta ɓarin harsashi tsuntsayen suna watsewa suna dawowa, har aka janye sojojin. Wannan kaɗai ya isa dariya, amma wanda ya bincika zai gano cewa da yawa daga cikin manoman tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne da aka ba gonaki a ƙasa marar albarka, ga kuma farashin alkama ya karye, shi ya sa da suka rasa mafita mashinga ce ta fara faɗo musu a rai.

Mu ma muna da namu rumbun. Dubban Hausawa sun yi yaƙin Burma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo asali. Kafin wannan yaƙi Hausa ce harshen bariki a Nijeriya da Gold Coast, wato Gana ta yau, abin da ya haifar da gwarancin Barikanci tsakanin hafsoshin Turawa da kuratan da ba Hausawa ba. Mutanen da suka je Burma sun kusa ƙarewa, don haka ka nemi 'ya'yansu da jikokinsu, ka zauna ka ce: “Baba, me marigayi yake faɗa idan ya tuna Burma?” Ka rubuta yadda aka gaya maka, ka nemi izini kafin ka yaɗa, kuma kada ka ƙara gishiri.

Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, wanda wasu ke dangantawa da tsofaffin yaƙe-yaƙe, yana tafiya ne domin ɓangarorin biyu sun yarda da shi kuma kowa yana da damar ramawa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 bai kai wannan matsayi ba, balle faɗan da ake yi a Arewa maso Gabas tun 2009, wanda marayunsa da zawarawansa suna cikin masu karanta ka. A irin waɗannan, ka bar wa wanda ya je fagen ya yi raharsa da kansa.

Wajen rubutawa, ka fara da shekara da wuri da mutanen da abin ya shafa, ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka ajiye abin dariyar a jimlar ƙarshe, kada kuma ka tsaya yi masa sharhi. Idan kai ka ƙirƙiri zancen, ka bayyana haka a fili, domin maganar da ka sa a bakin wani janar don wasa tana iya zama “tarihi” a hannun mutum na goma da ya kwafe ta. Idan kuma barkwancin ya taɓa jawo wa wani hukunci, ka haɗa da wannan bayanin. Misali, akwai labarin da ya zaga Jamus cewa Hitila da na hannun damansa Göring suna tsaye a kan hasumiyar rediyo ta Berlin, Hitila ya ce yana son ya yi abin da zai faranta wa mutanen birnin rai, sai Göring ya ba shi shawarar ya yi tsalle ya faɗo. Wata ma'aikaciyar masana'antar makamai ta faɗi wannan a wurin aiki, aka kai ƙararta, kotun 'yan Nazi ta yanke mata hukuncin kisa a 1943.