Yadda za ka haɗa waƙoƙin shekararka a memori ka yi kyauta da su

Idan hunturu ya shigo Maraɗi, an gama kaka, bukukuwa sun kankama, lokaci ya yi da mutum zai zauna ya tace waƙoƙin da suka raka shi tun farkon shekara, ya haɗa su wuri guda ya miƙa wa wani. Kowa ya san turin da ake yi a rumfunan masu caji, inda za ka ba da memori a cika maka shi maƙil da ɗaruruwan waƙoƙi. Wannan ciniki ne, kuma yana da ranarsa. Amma haɗin da za ka yi da hannunka, darajarsa tana cikin zaɓin da ka yi da yadda ka jera.

Da farko ka yanke wanda za ka ba. Haɗin da za a saurara a fada ana jiran shayi ya nuna daban yake da na yayarka da ke aure a Tasawa, daban kuma da na abokinka direba mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Idan na baba ne ko na inna, ka tsaya kan bege da kiɗan gargajiya, kada ka cusa musu dandalin soyayya a tsakiya. Waƙar siyasa da mai habaici ka bar su a wayarka, sai fa in ka tabbata ra'ayinku ɗaya.

Mataki na biyu, tacewa. Buɗe wayarka ka rubuta duk waƙar da ka yi ta maimaitawa a bana, ko da ba a bana ta fito ba. Za su yi yawa. Ka rage su zuwa 12, in sun yi yawa 15, wato kamar awa guda. Mutanen zamanin kaset iyaka ce ta koya musu wannan: kaset mai lamba 60 minti 30 yake ɗauka a kowane gefe, mai 90 kuma minti 45, faifan CD minti 80. Memori ba ya cika da wuri, don haka kai ne za ka sa wa kanka iyaka. A ganina mawaƙi ɗaya kada ya wuce waƙa biyu, komai son da kake masa.

Sai jeri, kuma a nan aikin yake. Waƙar farko ta zama wadda mai sauraro zai gane da jin kiɗan farko, don ita ce za ta sa ya zauna. Ta biyu da ta uku su riƙe zafin. A ta huɗu ko ta biyar ne za ka shigo da baƙuwa, wadda kai ka gano shi bai sani ba, domin a lokacin ya riga ya amince da kunnenka. Daga nan ka sassauto: gurmi ko kuntigi bayan kiɗan fiyano yana hutar da kunne, jitar mutanen Agadas tana zama daidai bayan rap. Kada ka jera masu sanyi uku a jere, barci za su sa. Ka kuma lura da mahaɗa, wato yadda ƙarshen wata ke haɗuwa da farkon mai bi mata. Saurari daƙiƙa goma na ƙarshen kowace waƙa tare da goma na farkon ta gaba. In ka ji kunnenka ya yi tuntuɓe, sauya musu wuri. Ni dai ba na son haɗin ƙarshen shekara ya rasa kiɗan kokowa ko da ɗaya ne, tunda lokacin ne hankalin ƙasa ke komawa kan takobi, gasar kokowa ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975. Wurinsa kusa da ƙarshe, inda ake son jini ya sake motsawa. Wadda ta fi taɓa maka zuciya ita za ta rufe.

Yanzu aikin na'ura. Nemi kowace waƙa mai tsabta, wadda ba a liƙa mata tallar shago ko muryar mai turi a tsakiya ba. Ta zama MP3, domin ƙananan rediyoyi masu cin memori da na cikin mota da yawa ba sa karanta sauran nau'o'i, musamman saƙon murya na WhatsApp. MP3 mai ƙarfin 128 yana cin kusan mega guda a minti, ke nan haɗin awa guda bai fi mega 60 ba, ƙaramin memori ma ya wadatar. Ka tsaya kan wanda bai wuce giga 32 ba, a goge shi a tsarin FAT32, shi ne waɗannan rediyoyi suka fi ganewa.

Sake wa kowace waƙa suna, ka fara da lamba: 01, 02, 03, har ƙarshe. Kada ka manta sifirin nan, in ba haka ba ta 10 za ta iya tsallakowa gaban ta 2. Wasu rediyoyin ma ba sa duba suna, tsarin da aka zuba waƙoƙin suke bi, saboda haka ka tura su ɗaya bayan ɗaya cikin memorin da babu komai. In kana da kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce, za ta daidaita maka ƙarar sauti don kada wata ta yi raɗa wata ta fasa kunne. In babu, mai turin unguwarku zai yi maka, kai dai ka je masa da jerinka a rubuce.

Abin da na fi ƙauna shi ne 00: muryarka, rabin minti, ka gaishe shi da sunan da ka saba kiran sa, ka faɗa masa dalilin waƙa ɗaya ko biyu. Ita ma a mayar da ita MP3.

Kafin ka miƙa, gwada memorin a irin na'urar da zai saurara da ita, daga farko har ƙarshe, don akwai memorin jabu da ke nuna ya karɓa alhali bai ajiye ba. Rubuta sunayen waƙoƙi da na mawaƙansu a 'yar takarda ka naɗe memorin a ciki. Haƙƙinsu ne a san su, kuma haɗin kyauta ne, kada ka sayar. In an ji daɗin wani mawaƙi, a nemi aikinsa ta hanyar da zai amfana. Na kusa kuna iya yi da Xender ko Bluetooth. Na nesa, irin 'yan uwa da ke Yamai ko Agadas, ka tura musu ta WhatsApp a matsayin takarda, wato document, don sunaye da lambobin su isa yadda ka rubuta su, kuma ka fara da 00.