Darasi na 9: Kwarkwaron fatsar ƙuda, wanne ya ci kuɗinsa?

Toh ɗalibai, yau kan wani irin kamun kifi za mu yi karatu wanda ya fi yawa a Ingila da Amurka, wato fatsar ƙuda. Ba a sa tana a ƙugiya, gashin tsuntsu ake ɗaurawa da zare har ya yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya zaci abinci ne ya kawo cafka. To shi wannan ƙudan ba shi da nauyin da za a wurga shi, saboda haka zaren ne ake yi da kauri, shi ke ɗaukar ƙudan ya kai shi nesa. A gindin sandar akwai wani faifai da ake naɗe zaren, Turawa na ce masa ril, mu dai mu kira shi kwarkwaro.

Abin ba sabo ba ne. A 1874 Charles Orvis na jihar Vermont ya fito da nasa mai huji-huji a jiki don zare ya riƙa bushewa, kamfanin Hardy na garin Alnwick a Ingila kuma ya fito da Perfect a 1891. Yau za ka samu na ƙasa da dala 50, ka kuma samu wanda ya haura dala 500, kuma daga nesa wallahi duk kamarsu ɗaya.

Ina bambancin yake? Farko jiki. Mai araha narkakken alminiyum ake zubawa a mazubi, kamar dai tukwanen da ake yi a kasuwa, in ya faɗi kan dutse sai ya tsage. Mai tsada kuwa inji ne ke sassaƙo shi daga dunƙulen alminiyum guda, ya fi jure faɗuwa, kuma ana yi masa wani rufi da ke kare shi daga ruwan gishiri.

Amma inda kuɗin ke tafiya sosai shi ne birki. In babban kifi ya kama ya zura da gudu, birkin ne ke sakar masa zare a hankali yana gajiyar da shi, in kuwa birkin na yi yana cijewa yana saki, to a daidai cijewar nan siririn zaren bakin ƙugiya zai tsinke, kifi ya tafi da ƙudanka kana tsaye riƙe da sanda. Akwai tsohon yayi mai ƙara ƙat-ƙat-ƙat, ɗan harshen ƙarfe ne ke bugun haƙoran giya, wannan ya ishi ƙananan kifi waɗanda ma da hannu ake jawo zarensu. Akwai mai faifan birki kamar na mota, wani ma a rufe yake ruf yashi ba ya shiga. Masu zuwa kogin Faro a Kamaru neman giwan ruwa da tsage irin wannan suke riƙewa, don can araha ba ta ado. Ni dai a ganina mai kama ɗan kifin da bai fi tafin hannu ba ya sayi na dala 500, ado kawai ya saya.

Na taɓa sayen wani na gwanjo, yana ta ƙyalli, ban gwada ba na biya, ashe yashi ya riga ya cinye cikinsa, kana juyawa kana jin ƙurus-ƙurus kamar ana niƙa. Don haka in ya zo hannunka, ɗaure birkin ka ja zare a hankali, ya fito sumul ba tsalle. Girgiza faifan ka ji ko yana lilo. Duba lambar da ke jiki ko a kwali, wato lambar nauyin zare, in sandarka lamba 5 ce nemi kwarkwaron lamba 5, na giwan ruwa kuwa sai manya irin su lamba 10 zuwa 12. Bayan an gama kamun kifi a ɗauraye shi da ruwa mai kyau, a sassauta birkin kafin a ajiye.

Aikin gida: rubuta jimla uku kan aikin birki, sannan ka lissafa, na dala 500 ya ninka na dala 50 sau nawa?