Masu ciwon ƙirji na zuciya, ga kurakuran da ake yi wajen motsa jiki

Jama'a wannan ciwon da likitoci ke ce wa angina, wanda mutum na cikin tafiya ko hawa bene sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, in ya tsaya ya lafa, jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka tsuke. To da yawa ana faɗa musu sai su koma kan tabarma, daga ɗaki sai ƙofar gida, kuma wallahi wannan zaman cutarwa yake. Tun 1772 wani likitan Ingila, William Heberden, ya ba da labarin mutumin da ya ɗora wa kansa yankan itace da zarto rabin awa kullum har ciwon ya kusa barinsa. In ana tafiya a kai a kai, bayan makonni bugun zuciya kan ragu a aikin da a da yake sa ta haki, sai ciwon ya jinkirta zuwa. Amma likitanka ne zai yanka maka iyakar da za ka tsaya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zabura. An lura in ciwon ya taso ka huta kamar minti 10 zuwa 15 ka sake tashi, karo na biyun sai ka fi nisa kafin ka ji shi, zuciyar ta ɗan saba ke nan. Wannan sabon fa na ɗan lokaci ne, ba warkewa ba ce, gobe da safe sabon lale. Saboda haka kullum a fara da tafiyar hawainiya na 'yan mintuna kafin a ɗaga ƙafa, musamman da asubar hunturu, kuma ban da fita daga gama cin tuwo.

Wasu kuma cijewa suke wai namiji ba ya raki. Haba malam, ya taso ka tsaya ka zauna. Ƙwayar GTN ɗin nan da likita ke bayarwa don lafar da ciwon in ya taso, a aljihu take zama ba a durowa ba, ƙarƙashin harshe ake sa ta ba haɗiya ba. Kuma don Allah kar a haɗa ta da maganin ƙarfin maza irin su Viagra, jini na iya faɗuwa warwas.

In ciwon ya zo kana zaune ba ka aikin komai, ko ka sa ƙwayar ka ƙara bayan minti 5 bai sake ka ba, kar a tsaya jiƙa wani abu, a nemi mota a yi asibiti.