Kurakuran da ake yi wajen fahimtar ƙaruwa da raguwar halittu

Ɗalibi zai haddace cewa yawan kowace halitta ƙofa huɗu gare shi: haihuwa, mutuwa, shigowa da ficewa. Amma da an kai shi gona sai ya manta da biyun ƙarshe. Manomin dawa a Borno ko mai shinkafa a fadamar Haɗeja da Nguru ya wayi gari tsuntsayen jan-baki sun rufe sama, sai ka ji ana cewa bana sun hayayyafa. Sau da yawa baƙi ne. Abincinsu na asali ƙwayar ciyawar daji ce. Da ruwan farko ya sauka ƙwayar ta tsiro, abinci ya yanke musu, sai su tashi su nufi inda ciyawa ta riga ta yi 'ya'ya. Saboda haka kafin ka ce adadi ya ƙaru, fara tambaya: nan aka ƙyanƙyashe su, ko zuwa suka yi?

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne zaton cewa kisa na rage iri. An daɗe ana yi wa jan-baki feshi da jirgin sama a makwancinsu, a kashe miliyoyi, baɗi su dawo kamar ba a taɓa su ba. Binciken da masanin tsuntsaye Peter Ward ya yi a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya nuna cewa abinci ne ke juya rayuwar tsuntsun nan. Da yawan waɗanda feshi ya kashe, da ma yunwa za ta kashe su. Waɗanda suka saura kuwa sai abinci ya wadace su, su yi ƙwai, gurbi ya cike. Feshi na da amfani in ana son ceton gonar da ke kusa a makonnin da hatsi ke nuna. Wanda ya ce zai ƙarar da jan-baki da shi, kuɗin gwamnati kawai zai ƙarar.

Akwai kuma masu ɗaukar cewa iyakar abin da muhalli zai iya ciyarwa lamba ce da ba ta motsi. A 1944 an saki wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara guda 29 a tsibirin St. Matthew na Alaska, inda babu mai farautarsu. Zuwa 1963 sun kai 6,000. Sun cinye tsiron da suke dogara da shi, hunturu mai tsanani ya biyo baya, a 1966 aka ƙirga 42. Cinkoson da kansa ya rage ƙarfin tsibirin. Makiyayi ya san wannan tun kafin littafi: ba da ciyawar Agusta ake auna shanun da makiyaya za ta riƙe ba, da ta ƙarshen rani ake aunawa.

A jarrabawa kuwa, inda maki ke zubewa shi ne rikita saurin ƙaruwa da yawan kansa. Idan saurin ya sauko daga kashi 3 cikin 100 zuwa kashi 2, jama'a ba su ragu ba, ƙaruwar ce ta yi sanyi. Raba 70 da saurin, za ka samu kimanin shekarun da adadi zai ninka: kashi 3.5 na nufin shekara 20.

Na ƙarshe, duban halitta ita kaɗai kamar ba ta cin kowa, ba mai cinta. A 1958 ƙasar Sin ta ƙaddamar da yaƙi da gwara saboda tana cin hatsi. An manta ƙwari ma tana ci. Da gwara ta yi ƙaranci, fara da sauran ƙwari suka samu fili, suka ƙara wa yunwar da aka yi a ƙasar a shekarun nan nauyi. A 1960 aka cire gwara daga jerin abokan gaba, aka sa kuɗin cizo a gurbinta.